Lasifikar da Na Aro Daga Ɗan Issa

Ni da Ɗan Baba rana ɗaya aka yi mana kaciya, wanzami ɗaya, bukka ɗaya. Shi ya warke cikin kwana goma, ni na yi wata guda ina tafiya kamar agwagwa. Tun daga nan na gane yadda zamanmu zai kasance a Madarumfa.

Ni aka kama aka kai lakwal, makarantar boko, a Maraɗi. Na sha bulalar mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, shekara shida, na dawo da takardar shaida a hannu da Faransanci a baki. Shi kuwa yana nan bakin tabki, yana gyaran taru, yana dashen albasa. Na kafa tebur a gindin tsamiyar kasuwa ina rubuta wa mutane wasiƙa, ana ce mini Malam Inusa a gabana, Mushe a bayan idona. Amma in baƙo ya sauka a gari, gidan Ɗan Baba ake nuna masa. In an yi rigima kan iyakar lambu, shi ake kira. Mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba, sai na rubuta masa ya dangwala yatsa. Ba na cewa ina ƙinsa, ban taɓa ƙinsa ba. Kawai dai duk ranar da na ji an ce albasarsa ta yi kyau bana, tuwo ba ya yi mini daɗi.

A shekarun nan na bayan tafiyar Nasara jam'iyya ɗaya ce a ƙasa, saboda haka ranar zaɓe ba abin kallo ba ce. Takarda ɗaya ake miƙa maka, ka jefa, ka koma gona. Zaɓen gaske shi ne na kafin nan, ranar da za a tsayar da sunan da zai hau takardar. Wata shekara aka aiko cewa garinmu zai ba da mutum ɗaya zuwa majalisar gunduma, kuma ƴan jam'iyya na gari su za su fitar da shi da kansu. Ɗan jam'iyya kuwa kowa ne, tunda babu wadda za a shiga sai ita.

Na ce to, ga riga ɗaya dai da aka yanka daidai jikina. Majalisa takardu ce, takardu Faransanci ne, Faransanci kuwa a garin nan ni ne. Na sayi goro na bi gida gida, wata biyu cur. Kuma gaskiya mutane sun karɓe ni. Duk zauren da na shiga amsa ɗaya ce: "Ai kai ne, Malam. Wa zai iya da takardun nan in ba kai ba?" Har masu lambu, har wasu daga cikin masunta. Na riga na kai wa tela yadin rigar da zan sa ranar zaman farko.

Saura kwana tara sai wasu masunta uku suka je suka ba da sunan Ɗan Baba.

Washegari ya zo teburina, ƙafafunsa duk laka, ya tsuguna a inuwa.

"Sa'ana, ka ji abin da mutanen bakin ruwa suka yi min?"

"Na ji."

"Wallahi ban nema ba."

"Na sani."

Abin da ya fi ci mini rai ke nan: na san bai nema ba. Ni takalmina ya tsinke wajen yawon goro, shi yana zaune cikin kwalekwale abin ya zo ya same shi.

"To ka janye mana," na ce, ina gyara alƙalami kamar maganar ba ta dame ni ba.

"Na so. Sun ce in na janye na kunyata su. Amma kar ka damu, kai za a ɗauka. Ni mi na sani?"

Wanda jam'iyya ta turo daga Maraɗi ya kula da abin wani saurayi ne mai tabarau da kwat, wanda ya yi karatu a waje ya ga yadda ake yi a can. Shi ya ce ba za a shiga ɗaki a yanke ba. Ranar kasuwa bayan la'asar, mu biyu za mu fito gaban jama'a, kowa ya faɗi abin da zai yi, a yi mana tambayoyi, sannan kowa ya je ya tsaya bayan wanda ransa ya kwanta da shi, a ƙidaya. Da na ji haka na yi hamdala. Magana ai sana'ata ce. Ɗan Baba kuwa ko a wurin suna in aka ce ya yi addu'a sai ya tura wa na kusa da shi.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, shi ne Salisu maroƙi.

A garinmu mutum mai daraja ba ya ɗaga murya a taro. Yana faɗin maganarsa ƙasa-ƙasa, maroƙi yana tsaye a kafaɗarsa, ya ɗauka ya cilla wa jama'a. Sarki haka yake yi, liman haka, uban ango haka. Salisu shi ke wannan aikin, ya gaje shi wurin ubansa. Gajere ne, amma in ya buɗe baki ana jinsa a ƙetaren tabki. Kuma ba ya kai magana gayanta. Yana sa mata gishiri a hanya: abin da kunya ba ta barinka ka faɗa game da kanka shi zai faɗa, abin da ya fito bakinka da ƙaya shi zai cire ƙayar kafin ya isa kunnen mutane.

Duk wannan na sani. Amma na kuma san kowace Juma'a Salisu yana komawa gida da kifi daga wurin Ɗan Baba. Na kwana ina lissafin gishirin: nawa zai sa mini, nawa zai sa masa. Ga shi kuma na shirya kalmomi uku huɗu na Faransanci da zan jefa don saurayin mai tabarau ya san da wa yake magana, na san kuwa a bakin Salisu ba za su isa da rai ba.

Sai na hau keke na tafi Ɗan Issa. Akwai wani Abdu a can mai sayar da maganin tsutsar ciki, yana da lasifika da ya sayo a Katsina, mai cin batir takwas, da ita yake tara mutane a kasuwanni. Na daɗe ina rubuta masa wasiƙu, saboda haka ya yarda ya ara mini, da sharaɗin zai biyo ta ya tsaya kusa.

Da na shiga gida da ita, matata Balaraba ta tsaya da muciya a hannu tana kallona.

"Malam, wannan kuma fa? Magani za ka fara sayarwa?"

"Ci gaba ne. Da ita zan yi magana gobe."

"Salisu fa?"

"Salisu ya huta."

"Ya huta, ko ka hutar da shi? Ubansa ne fa ya yi shelar aurenmu."

Na ce mata harkar siyasa ba irin ta ɗaurin aure ba ce. Ta koma kan tuwonta.

Ranar ta zo. Filin da ke tsakanin kasuwa da masallaci ya cika, har da mutanen ƙauyuka da suka zo cin kasuwa suka tsaya kallo. Aka shimfiɗa wa dattawa tabarmi a gaba, aka ajiye wa wakilin jam'iyya kujera. Aka ce ni zan fara. Salisu ya taso kamar yadda aka saba, ya gyara hula, ya tsaya a kafaɗata.

"Na gode, Salisu," na ce. "Yau da bakina zan yi."

Ya dubi lasifikar, ya dube ni. "To, Allah ya ba da sa'a, Mushe." Ranar ce ta farko da wani ya kira ni haka a gaban idona. Ya juya a hankali, ya ƙetare filin, ya je ya tsaya bayan Ɗan Baba.

Abdu ya murɗa abin, ya yi wata ƙara da ta sa jakunan kasuwa suka amsa. Na yi sallama, muryata ta fita ta daki bangon masallaci ta dawo. Mutane suka saki baki suna kallona. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na yi maganar hanyar Maraɗi da ke yankewa duk damina. Na yi maganar ɗakin shan magani, da rijiyar siminti, da irin gyaɗa da ake kawowa a makare. Kawuna suna ta kaɗawa. Wakilin jam'iyya ma ya rubuta wani abu a littafinsa. Da na tsaya nan na zauna, da yau wani labarin nake bayarwa.

Amma na kai wurin da a kowane taro maroƙi ke karɓa ya faɗa wa jama'a ko wane ne mai maganar. Har na ɗan dakata, don kunne ya saba. Babu wanda ya karɓa. Sai na cike gurbin da kaina.

"Ni Inusa, ni na yi lakwal shekara shida. Ni na fito na biyu a jarrabawa. Ni nake rubuta wasiƙun garin nan duka. Ni kaɗai ne in Nasara ya yi magana ba na neman tafinta. Ni…"

Bangon masallaci yana maido mini: ni, ni, ni. Na lura dattawan da ke gaba sun sunkuyar da kai suna duban yatsun ƙafarsu, kamar mutum ya shigo zaure ba wando. Can daga wajen mata sai muryar Indo mai fura, taubashiyata, wadda tun muna yara ba ta taɓa bari na wuce lafiya ba:

"Mushe! Duk mun ji! Maganin tsutsar fa, sai yaushe za ka fito da shi?"

Aka kwashe da dariya har da liman. Na ƙarasa da sauri na zauna.

Ɗan Baba bai ma tashi ba. Daga kan tabarmarsa ya yi magana, kai a ƙasa, yana wasa da wani ɗan tsinke. Ina kusa, saboda haka ni kaɗai da Salisu muka ji abin da ya faɗa da gaske.

Ya ce, "Ni dai ban iya magana ba."

Salisu ya cika ƙirji. "Ya ce shi ba mai yawan baki ba ne! Jama'a, ai ba sai ya faɗa ba! Ɗan Baba ɗan Audu na bakin ruwa! Wanda shekarar da Gulbi ya yi ambaliya ya fidda rai tara da kwalekwale ɗaya, bai ko tsaya a gode mashi ba!"

Ina wurin a shekarar. Bakwai ne, biyu daga ciki kuma awaki.

Ɗan Baba ya ce, "Abin da Inusa ya ce na hanya da rijiya, gaskiya ne. Ba ni da abin ƙarawa."

"Ya ce hanya, da rijiya, da ɗakin magani, duk shina sane da su, shina kwana da su a rai!"

"Kuma Inusa ya fi ni sani. Shi ka rubuta min wasiƙa."

"Allahu Akbar! Ya ce Malam Inusa ya fi shi sani! A gaban jama'a, ranar takara! Kun ji kunya! Kun ji ɗan da aka haifa aka kuma rena!"

Mata suka rangaɗa guɗa. Ina zaune ina kallo, hanyata da rijiyata suka koma nasa, karatuna na shekara shida ma ya zama abin yabonsa. Minti biyu bai cika ba ya gama. Ni na yi rabin sa'a.

Duk da haka ban fidda rai ba, domin goro ya yi aikinsa, kuma takardu suna nan suna jiran mai karanta su. Sai aka zo tambayoyi. Tsoho Tanko, Sarkin Ruwa, wanda shi ke faɗin ranar da za a shiga su, wato kamun kifi, a tabki da ranar da za a daina, ya yafito Salisu ya raɗa masa.

"Sarkin Ruwa shina tambaya! Ɗan Baba, in an miƙo maka takardar Nasara a majalisa, ƙaƙa za ka yi da ita?"

Na gyara zama. Ga ramin, ga shi a bakinsa.

Ɗan Baba ya sosa ƙeya. "In naɗe ta in sa aljihu. In ce masu ba ni cewa komi sai na kai ma Inusa ya karanta min."

Salisu ya maimaita. Zuciyata ta yi fari: ya amsa da bakinsa cewa bai iya ba. Na duba fuskokin mutane ina jiran su gane. Na ga dai suna kallon juna suna ɗaga gira, amma ba irin wadda nake so ba.

Tsohon ya sake yafito Salisu.

"Kai kuma Malam Inusa, Sarkin Ruwa ya ce: in an tada maganar tabkin ga a majalisa, yaushe a rufe su, yaushe a buɗe, ina masu lambu za su ja ruwa ba su taɓa wurin da kifi ke ƙwai ba, wurin wa za ka tambaya?"

Amsar tana zaune a kan tabarma, kamu huɗu daga inda nake. Na san ta. Yaron goye ma ya san ta. Na juya na dubi Ɗan Baba, sai na ga yana yi mini murmushin nan nasa na ƙarfafa gwiwa, irin wanda ya yi mini a bukkar kaciya ranar da ya warke ya bar ni kwance.

Da Salisu ne a kafaɗata, ko mene ne na furta ƙasa-ƙasa, da ya wanke shi kafin ya miƙa. Da ya ce Malam ya ce zai nemi shawarar manya. Aikinsa ke nan, don haka aka ajiye shi. Lasifikar Abdu kuwa ba ta wanke komai. Na ɗauke ta na kai baki.

"Sarkin Ruwa, wanda ya yi karatu ba ya zuwa tambaya wurin mai kamun kifi."

Daga baya aka ce mini har masu wanki a ƙetaren ruwa sun ji. Rabin filin masunta ne. Sauran rabin kuma da kifinsu aka yaye su.

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Tsoho Tanko ya kaɗa kai a hankali, ya raɗa wa Salisu kalmomi kaɗan. Ranar nan kaɗai na ji Salisu ya kai magana bai sa mata gishiri ba.

"Sarkin Ruwa ya ce ya gane. In an ɗauki Ɗan Baba, an samu mutum biyu. In an ɗauki Malam, an samu Malam."

Wakilin jam'iyya ya tsayar da mu, ni a dama, Ɗan Baba a hagu, fuskarmu ga bangon masallaci, ya ce kar wanda ya waiwaya sai an gama. Ban taɓa sanin kunne yana gani ba sai ranar. Ina jin takun ƙafafu suna tasowa, wasu ma har su nufo wajena, sai in ji sun karkata hagu. Na gane tarin mahaucin da ya ci gorona sau biyu. Daga hagu ya fito. Na gane ƙarar sandar kawuna. Ita ma hagu.

Da aka ce mu juya, layin Ɗan Baba ya miƙe ya lanƙwasa ya shiga rumfunan ƴan koli. Nawa mutum goma sha ɗaya ne. Akwai ƙanena, da tela mai ɗinkin rigata, da Abdu, wanda ba ɗan gari ba ne, lasifikarsa yake gadi, aka kuwa cire shi daga ƙidaya. A ƙarshen layin ga Indo tana taunar goro.

"Ke kuma mi ya kawo ki?" na ce.

"In bar bawana shi kaɗai a fili a sace min shi? Allah ya sawwaƙe."

Salisu ya yi shelar sunan Ɗan Baba, bai nemi batir ko ɗaya ba. Na shiga gida da magariba ina shirya yadda zan ba Balaraba labari ta hanyar da zan fito da sauran mutunci.

"Ba sai ka faɗa mini ba, Malam," ta ce tana zuba ruwa a buta. "Har nan na ji."

Bayan zaɓe da ƴan makonni, ranar wata kasuwa, kamyon Maraɗi, babbar motar kaya, ya tsaya, Ɗan Baba ya sauko daga zamansa na farko. Yana sanye da sabuwar riga, kuma ta yi masa kyau, abin haushi. Mutane suka taso za su gaishe shi, ya ratsa su ya nufo gindin tsamiya. Ya aiki ɗansa gida, aka kawo tarwaɗa biyu manya aka ajiye gefen teburina. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da takarda a naɗe.

"Sa'ana, ga ta. Sun matsa in yi magana, na ce masu sai na tambayo."

Jama'a suka kewaye mu. Na yi tunanin in ce alƙalamina yana jira, ya dawo jibi. Na ma yi tunanin abin da ya fi wannan muni. Sai dai hannuna ya riga ya buɗe takardar, don ni in na ga rubutu ba na iya haƙuri.

Maganar tabki ce. Na karanta ta tsaf, kowace kalma na san ta. Ana so a hana wani irin taru mai ƙananan idanu, an ba da awo da lamba, ana neman ra'ayin gari. Na kai ƙarshe na tsaya. Ban san ko awon nan babba ne ko ƙarami ba. Ban san wane kifi ke wucewa ta ido irin wannan ba, wane ne ke maƙalewa. Shekara arba'in da wani abu ina cin kifin tabkin nan, ban taɓa duban idon taru ba.

Na auna tsawon da yatsa a kan tebur, na yi ƙasa da murya iyakar iyawata.

"Ɗan Baba, ido kamar wannan, wane kifi yake kamawa?"

Bai yi murmushi ba, Allah ya saka masa. Ya duba yatsana ya fara bayani. Sai na ji motsi a kafaɗata. Salisu ne, ya gyara hula.

"In ɗauka, Malam?"

Na dubi tebur. "Ɗauka."

"Jama'a! Malam Inusa, alƙalamin Madarumfa, ya karanta takardar Nasara kamar ruwa, kuma don girmansa ya ce a ji ta bakin masu ruwa tukuna!"

Daga rumfar fura Indo ta ɗaga murya: "A'a! Yau mai karatu ne wurin mai kamun kifi?"

Haka muka yi ta yi, shi ya kawo, ni in karanta, har sojoji suka zo suka rufe majalisar. Rigar da tela ya ɗinka mini na sa ta ranar sunan jikan Ɗan Baba. Tarwaɗar nan kuwa Balaraba ta yi miya da ita a ranar, ta yi daɗi ƙwarai. Har yau in na tuna daɗin da ta yi raina yana ɓaci.